Daga Jinka Zuwa Kwano: Tarihin Rufin Ɗaki a Furfuri da Kewayenta

Gabatarwa

Yoyon ɗaki ne ya jawo wannan rubutu. A daminar da ta wuce ina hutu a gida, watau Furfuri, aka yi wani ruwan dare mai iska, sai soron kakarmu ya fara zuba ta kusurwar gabas. Kafin asuba mun jera kwanoni da tasoshi a tsakar ɗakin, mun jawo gadonta zuwa bakin ƙofa, ita kuwa tana zaune a kan tabarma tana yi mini tsiya, wai mijin da ya bar ɗakin matarsa yana yoyo ai sai alƙali. Da gari ya waye baffana ya ce magana ta ƙare, a kwashe ƙasar nan a buga kwano kowa ya huta. Mahaifina ya yi shiru, domin kakansa ne ya sa aka gina soron, kuma a cikinsa aka haife shi. Tsohuwa kuwa ta ce in dai tana numfashi ba mai kwantar da ita a ƙarƙashin kwano.

Wannan gardama ita ta sa na fara tambaya. Yaushe aka fara rufin ƙasa a wajenmu? Me aka sani kafinsa? Ta wace hanya kwano ya shigo har ya zama shi ne rufin kowa? Na zauna da kakata, na kuma yi kwanaki ina zuwa zauren wani tsohon magini na unguwarmu wanda ƙarfinsa ya ƙare amma hankalinsa na nan garau, sa'an nan da na komo makaranta na haɗa da abin da na karanta. Abin da na samu shi ne zan ɗan gutsura wa masu karatu a nan, da fatan waɗanda suka fi ni sani za su gyara inda na karkace.

Ƙasar da Ake Magana a Kanta

Furfuri gari ne a ƙaramar hukumar Bunguɗu, kusa da Gusau, a Jihar Zamfara wadda aka cire daga Jihar Sakkwato ranar 1 ga Oktoba, 1996. Gulbin Sakkwato ya ratsa wannan yanki, ya bi ta Gusau da Bunguɗu, ga kuma duwatsu irin na Kwatarkwashi da na Tsafe. Kusa da Tsafe ne tsohon garin 'Yandoto yake, wanda ya yi suna wajen malanta tun kafin jihadin 1804. Gusau kuwa Malam Sambo Ɗan Ashafa ne ya kafa ta a farkon ƙarni na 19. Har yanzu sunayen sarautun suna ɗauke da wannan tarihi, domin ana cewa Sarkin Katsinan Gusau, da 'Yandoton Tsafe, da Sarkin Fulanin Bunguɗu.

Dalilin kawo wannan bayani shi ne, rufin ɗaki ɗan ƙasa ne, abin da ke kusa da mutum da shi yake rufi. Ƙasarmu tana da jar ƙasa mai danƙo, da ciyawa a fadamu da dazuzzuka, da karan dawa bayan kaka, da giginya jefi-jefi a bakin ruwa. Tana kuma da abokan gaba huɗu waɗanda kowane rufi sai ya yi fama da su, watau ruwan damina da iskar da ke zuwa gabansa, da zafin bazara, da gobarar lokacin hunturu, da gara. Duk tarihin da zan bayar, in aka duba, labarin yadda mutane suka yi ta dabara ne tsakanin waɗannan kaya da waɗannan abokan gaba.

Zamanin Jinka

Babu shakka jinka ita ce rufin da ya fi daɗewa, kuma ita ce rufin talaka har zuwa zamanin iyayenmu. Akan gina kago, watau zagayayyen bango na ƙasa, sa'an nan a ɗora masa jinka. Aikin yakan fara tun ƙarshen damina, lokacin da ciyawa ta ƙosa ba ta kai ga bushewa ƙurmus ba. Maza su shiga daji su yanko shuci, su ɗaure dami-dami su kawo gida. Gamba kuwa ita ake saƙa zana da ita. Bayan an gama kaka, hannu ya sami sarari, sai a zauna yanta, watau a riƙa ɗibar shuci kaɗan-kaɗan ana kitsa gindinsa da igiyar rama ko ta kaba, har ya zama doguwar shimfiɗa wadda ake naɗewa kamar tabarma.

Daga nan sai tsaiko. A ƙasa ake haɗa shi, da gora ko gwangwala ko kara mai ƙarfi, a tara kawunansu sama, a baza gindinsu daidai faɗin kagon, a bi su da tanka zagaye-zagaye ana ɗaurewa. Idan tsaiko ya tsaya sai baibaya. Mai baibaya yakan fara daga ƙasa ya yi sama, yana warware yanta yana zagayawa, kowane layi ya hau kan na ƙasa da shi ya rufe masa ɗauri, ta yadda ɗigon ruwa in ya faɗo ba zai sami kafa ba sai dai ya gangara daga wannan layi zuwa wancan har ya sauka ƙasa. A can ƙololuwa ake tamke kan da kyau, wasu har su kifa tsohuwar tukunya, domin nan ne ruwa ya fi samun hanya.

Sauran aiki ɗaya, shi ne ɗagawa. Jinkar da aka gama tana da nauyi ƙwarai, don haka sai an kira maƙwabta, a kewaye ta, a ɗaga gaba ɗaya a aza kan bango. A nan ne Bahaushe ya samo karin maganar nan da ke cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mu 'yan makaranta mun haddace ta don cin jarrabawa, amma da yawanmu ba mu taɓa ganin an ɗauki jinkar ba. Kakata ta ce a ƙuruciyarta ba a biyan kowa ko anini a wannan aiki, fura ce kawai da goro, sai kuma sanin cewa ran da naka ya tashi za a zo maka.

Jinka tana da sanyi, ba ta cin kuɗi, kuma gyaranta ba wuya. In wuri ya ruɓe sai a zare a cusa sabon shuci, in ta tsufa bayan 'yan shekaru a sake baibaye ta a kan tsaikon nan. Babban aibinta wuta. Lokacin hunturu, ciyawa ta bushe, iska na kaɗawa, ga mutane na kwana da wuta a ɗaki don jin ɗumi, tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye unguwa har da rumbuna. Wannan matsala ba tamu ce mu kaɗai ba. A birnin Landan ma an hana rufin ciyawa tun shekarar 1212 bayan wata babbar gobara. Mu a nan tsoron wuta yana cikin manyan abubuwan da suka sa duk wanda ya sami hali yake neman rufin ƙasa, ko da ɗaki ɗaya ne a gida, inda za a ajiye tufafi da littattafai da kayan auren 'ya'ya.

Soro da Azara

Rufin ƙasa daɗaɗɗe ne a biranen Hausa irin su Kano da Katsina da Zariya, amma a ƙananan garuruwa irin namu, soro alama ce ta sarauta ko malanta ko dukiya. Dalili kuwa shi ne, jinka kowa na iya yi, amma soro sai magini, magini kuwa sai an biya shi, an kuma sayi azara. Gini sana'a ce ta gado, tana da shugabanta, watau Sarkin Magina, wanda ta hannunsa sarki ke neman ma'aikata in za a yi aikin fada ko masallaci ko ganuwa.

Azara ita ce ƙashin bayan soro. Daga giginya ake samunta, kuma magina sun fi son namijin giginya, wanda ba ya 'ya'ya, domin ya fi tauri. A sare shi, a faskara shi a tsaye gida-gida, a fitar da ɓargon tsakiya mai taushi, a bar na bayan nan baƙi mai tsinka-tsinka. Wannan itace gara ba ta cika cinsa ba, kuma yakan yi shekaru masu yawa bai ruɓe ba muddin ruwa bai zauna a kansa ba. Na tambayi tsohon magini me ya sa ɗakunan dā suke da ƙunci, sai ya yi dariya ya ce, "Yaro, azara ita ka yanka ma ɗaki faɗi, ba mai ɗaki ba. In ka matsa mata ta wuce ƙarfinta, sai ta yi ciki, ruwa shi kwanta bisa, shi ke nan ka gina ma kanka kabari." Abin da yake nufi shi ne, azara ɗaya ba ta ɗaukar nauyin ƙasa in tazarar ta wuce kamar ƙafa 6. Saboda haka shigifa, watau ɗaki mai kusurwa huɗu da shimfiɗaɗɗen rufi, takan zama mai tsawo amma marar faɗi.

To, duk gwanintar maginan Hausa a nan ta taru, wajen neman faɗi da gajeren itace. Dabara ta farko ita ce a dasa guntayen azara a cikin bango su leƙo ciki, a jera wasu a kansu su ƙara leƙowa, har tazarar da ta rage a tsakiya ta zama wadda azara ɗaya za ta iya haɗawa. Ta biyu ita ce a gitta azara a kusurwoyin ɗakin, a rage faɗinsa mataki-mataki. Ta uku a kafa ginshiƙi a tsakiya. Ta huɗu, wadda ta fi kowace wuya, ita ce baka. Akan fara ta daga cikin bango, a ɗaure azara da igiya tana karkatowa ciki kaɗan, a lulluɓe da ƙasa a bar ta ta bushe, a ƙara wata a kanta ta ƙara karkatowa, haka daga ɓangarori biyu har su haɗu a sama su zama bakan gizo. In bakuna suka gitta juna suka tashi kamar ƙwarya a kife, shi ne ake kira ɗaurin guga, rufin da ke samansa kuwa ya zama tulluwa.

Wanda yake son ganin iyakar wannan fasaha sai ya tuna da masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Akwai kuma Gidan Makama a Kano. Kada kuma a ɗauka sana'ar ta tsaya a ƙarni na 19, domin a garin Yama na ƙasar Tawa, a Jamhuriyar Nijar, magini Falke Barmu ya fara ginin masallacin ƙasa a 1962, wanda ya ci kyautar Aga Khan ta fasahar gini a 1986. Soron kakata bai kai ko kusa da waɗannan ba, baka biyu ne kawai gare shi, amma hikimar ɗaya ce.

Bayan an jera azara sai a shimfiɗa zana ko asabari ko kara a kai don kada ƙasa ta zubo. A kawo kwaɓaɓɓiyar ƙasa wadda aka cuɗa da ciyawa aka bar ta ta kwana biyu tana tsima, a shimfiɗa, a bar ta ta sha iska, a ƙara wata a daddaɓe. Dole a karkata rufin kaɗan zuwa inda indararo yake, shi kuwa indararo a dā da ɓangaren giginya ake yinsa ko da gasasshen yumɓu, kuma akan yi shi da tsawo don ya watsa ruwa nesa da gindin bango. A kewaye rufin da rawani, a tayar da zanko a kusurwoyi.

Makuba, Laso da Gyaran Shekara

Ƙasa kaɗai ba ta hana ruwa, sai an yi mata riga. Rigar talaka ita ce makuba, wadda ake samu daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa. A jiƙa shi ko a dafa, ruwan ya yi ja, a kwaɓa ƙasa da shi a yi yaɓe. Da ita kuma mata ke yin daɓen tsakar ɗaki. Rigar mai hali kuwa ita ce laso, kuma haɗinsa abin lura ne ga ɗalibin tarihi. Ana buƙatar katsi, watau laka da ke kwantawa a gindin rijiyar marina, wadda ake kwashewa a shanya a ƙona. Ana buƙatar gashin jima daga wurin majema. Ana kuma buƙatar saiwar dafara, a daka ta a jiƙa ta ba da yauƙi. In aka haɗa ukun nan aka shafe rufi da su, sai ya yi tauri kamar dutse, ya yi shekaru yana kore ruwa.

Mai karatu zai ga cewa soro ɗaya ya rataya ne a wuyan mutane da yawa, ga mai faskaren giginya, ga mai jakin da ke kawo ƙasa, ga mai saƙar zana, ga marini, ga majemi, ga magini da yaransa. Wannan shi ne babban abin da na gano a bincikena. Da atamfa da shuɗin kanti suka kashe yawancin marina, katsi ya yi wuya, laso ya bi shi. Ba wanda ya tashi da niyyar kashe laso, sana'ar da ke ciyar da shi ce ta mutu.

Sa'an nan soro yana son kulawa duk shekara. Kafin ruwan farko mai gida zai hau ya cire ciyawar da ta tsiro, domin saiwarta ita ke huda rufi. Ya toshe tsaga, ya cike inda ya lotsa, ya share bakin indararo, ya sabunta yaɓe. Bayan ruwan farko ya sake hawa ya duba inda ruwa ya kwanta. Da na gaya wa tsohon magini yadda namu ya yi yoyo, tambaya ɗaya ya yi mini: "Shekara nawa rabon da wani ya hau bisa nai?" Na yi lissafi, na ji kunya. Tun rasuwar kakanmu ba wanda ya hau sai yara masu shanyar gyaɗa. Da aka duba kuwa, sheƙar tsuntsu ce da ganye suka toshe indararo, ruwa ya taru ya jiƙa kan azara uku har suka ruɓe.

Masu Rufi da Itace Tsantsa

A nan zan ɗan fita waje, domin kwatanci yakan ƙara haske. Akwai ƙasashen da itace ya yi musu yawa har suke rufe ɗaki da shi tsantsa, ba ƙasa ba ciyawa. A arewacin Turai da Rasha da Amurka ta Arewa akan yanka gungume guntu-guntu, tsawon inci 18 ko 24, a faskara shi bin jijiya ya zama falle-falle kamar allon karatu. Sai a jera su daga bakin rufi zuwa sama, kowane layi ya hau kan na ƙasa, daidai yadda mai baibaya ke yi da yanta. Kowane falle ƙusa biyu ake buga masa, a bar 'yar tazara tsakaninsa da na kusa don in ya sha ruwa ya kumbura kada su tunkuɗi juna, a kuma lura kada tazarar wani layi ta yi daidai da ta layin da ke ƙasansa. A Amurka da Kanada itacen sida suka fi so, don yana jure ruɓa.

Da irin wannan rufi aka rufe tsofaffin majami'un katako na Norwe, waɗanda ake shafa wa kwalta don su daɗe, haka kuma majami'ar tsibirin Kizhi a Rasha, wadda aka gina a 1714 mai ƙubba 22. A nan Afirka ta Yamma ma 'yan mishan na Basel sun yi amfani da shi a gine-ginensu na tsaunukan Akwapim, a ƙasar Gana ta yau, cikin ƙarni na 19. Gyaransa ya yi kama da namu, a share ganye da gansakuka don kada laima ta zauna, in falle ya tsage a farfasa shi a zare, a yanke ƙusoshin, a zura sabo. Ciwonsa ma irin na jinka ne, watau wuta. Gobarar unguwar Bel Air ta 1961 ta yi ta tsalle daga rufi zuwa rufi, kuma a 1989 birnin Los Anjalis ya hana yin sabon rufi da irin wannan itace.

Me ya hana mu yin haka? Amsar a fili take. Itatuwanmu irin su ɗorawa da kaɗanya da tsamiya ba su da miƙaƙƙiyar jijiyar da za ta fasu falle-falle, kuma amfaninsu a tsaye ya fi na a kwance. Giginya tana fasuwa a tsaye amma ba ta yin falle. In ma an samu, bushewar hunturu za ta tsattsaga shi, gara ta ƙarasa saura. Saboda haka Bahaushe ya ɓoye itacensa a cikin ƙasa, ya bar ƙasa ta fuskanci rana da ruwa.

Zuwan Kwano

Kwano baƙo ne daga Turai. Wani injiniya Baturen Ingila, Henry Palmer, shi ya yi rajistar dabarar lanƙwasa fallen ƙarfe ya yi tudu da kwari a 1829, sa'an nan a 1837 wani Bafaranshe, Stanislas Sorel, ya yi rajistar hanyar shafa masa sinadarin da ke hana tsatsa. Amma kaya mai nauyi irin wannan ba ya zuwa nesa a kan jaki ko raƙumi. Ko bayan da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, sai da aka jira jirgin ƙasa. Dogo ya isa Kano a 1911, reshen da ya taso daga Zariya ya iso Gusau a 1927, ya kai Ƙauran Namoda a 1929.

Jirgin da ke kwasar gyaɗa da auduga zuwa teku shi ne ke komowa da kwano da siminti da ƙusa da katakon kudu. Farkon waɗanda suka yi rufi da shi a Gusau su ne tashar jirgi da kantunan kamfanonin Turawa da ma'aikatun gwamnati da na En'e, sai baƙi mazauna Sabon Gari, sai attajiran gyaɗa. Tare da shi wata sabuwar sana'a ta shigo, watau kafinta, wanda a hankali ya karɓe rabin aikin magini. A ƙauyuka kuwa an daɗe ana kallon kwano daga nesa. Kakata ta ce in aka ce wane ya yi kwano, to, magana ce da za a yi ta yi har kasuwa.

Abin ya sauya ne daga shekarun 1970. Kamfanin siminti na Sakkwato ya fara aiki a 1967. Kuɗin man fetur suka shigo, aka yi ƙarin albashin Udoji wanda aka biya a 1975, ma'aikata da 'yan kasuwa suka riƙa aiko da bandir-bandir na kwano gida, kowane bandir falle 20. A daidai wannan lokaci kuma farin 1973 da na 1984 suka taɓa daji, gonaki suka yi ta cin fadamu da makiyaya, shuci ya yi nisa. Giginya ma ta ja baya, domin itace ne mai jinkirin girma, ana sare manya, ana kuma tone muruci a ci tun bai zama itace ba. Azara mai kyau ta koma sai an kawo daga nesa, irin dazuzzukan giginya na wajen Gaya a Nijar. Ga samari sun tafi makaranta ko birni, gayya ta yi rauni. Mutumin da ba shi da hannun da za su ɗaukar masa jinka, ba shi da lokacin yaɓe duk shekara, dole ya ga kwano a matsayin hutu.

Ba zan zalunci kwano ba. Ba ya kama wuta, ba ya son yaɓe, ana buga shi a yini ɗaya, kuma yana ba da faɗin ɗaki yadda ake so. Amma kowa ya kwana ƙarƙashinsa a watan Afrilu ba tare da silin ba ya san abin da kakata ke gudu. Da rana tanda ne, da hunturu ƙanƙara, in ana ruwa ba ka jin maganar na kusa da kai. Katakon da ke riƙe da shi abincin gara ne in ba a shafa masa baƙin mai ba. Ramin ƙusa yana buɗewa ya yi yoyo. Uwa-uba iskar farkon damina, wadda kusan kowace shekara sai ta yaye rufin gidaje da makarantu a jihohin arewa, shi ya sa za ka ga an jera duwatsu da tsofaffin tayoyi a kan ɗakuna. Kuma in ya lalace ba maƙwabci ne zai gyara maka ba, sai aljihunka.

Halin da Ake Ciki

A 'yan shekarun nan wata sabuwar masifa ta ƙaru a kan tsofaffin abokan gaban nan huɗu. Tun wajen 2011 Zamfara ke fama da 'yan bindiga. Dajin da ake shiga yankan shuci da gamba ya zama wurin da mutum ke shiga da ransa a hannu. Ƙauyuka da dama an ƙone su, jinka da rumbu su ne farkon ci, mutanensu sun kwararo Gusau da Tsafe da Bunguɗu suna raɓe a kangaye da ɗakunan haya. Wanda bai san ko zai kai baɗi a gidansa ba, da wuya ya tsaya jiran ƙasa ta tsima. Saboda haka masu sanin baka da ɗaurin guga suna tsufa ba su da yara. Tsohon maginin nan ya gaya mini 'ya'yansa duk bulo suke bugawa, ya ce, "Ban hana su ba, ɗana. Abin da mutane ka biya shi aka koyo."

Kammalawa

Mai karatu zai so ya ji yadda gardamar gidanmu ta ƙare. Da rani ya shiga aka ɗauko tsohon nan a kan babur, ya zauna a inuwa yana nuni da sanda. Aka buɗe kusurwar gabas, aka zare azara ukun da suka ruɓe, aka sa wasu da muka saya daga wani kangon da aka rushe, aka mayar da zana da ƙasa, aka yi yaɓe da makuba domin laso ba a samu ba. Baffana bai janye ba, ya kawo shawarar a tayar da kwano a saman soron, a bar ƙasar da azara a ƙarƙashi, kamar yadda ake yi wa tsofaffin gine-gine da yawa a Kano da Zariya, ga sanyi ga kariya. Mahaifina ya yarda, tsohuwa ma ta yarda tunda ba za ta riƙa ganin kwanon ba. Magini kaɗai ya girgiza kai, ya ce in aka rufe ba mai sake hawa, ran da kwanon ya huje ruwa zai yi ta ɗiga a ɓoye, ba a sani ba sai azara ta faɗo. Aka tsaya a kan za a bar ƙofa ta hawa, aka kuma ɗora mini dubawa duk hutun da ya gabaci damina.

Abin da na fahimta a taƙaice shi ne, kowane rufi da irin bashin da yake bin mai shi. Jinka tana bin maƙwabta, soro yana bin kulawar shekara da sana'o'in gari, kwano yana bin kuɗi. Mutanenmu ba don wauta suka bar na dā ba, halin zama ne ya sauya. Amma tunda zafi ƙaruwa yake yi, kwano da siminti kuma kullum tsada suke ƙarawa, bai kamata a bar sanin rufin ƙasa ya bi tsofaffi kabari ba. Ina roƙon 'yan'uwana ɗalibai, duk wanda ya je hutu ya nemi tsohon maginin garinsu ya zauna da shi, ya rubuta sunayen kaya da matakan aiki yadda ake faɗinsu a karin harshen wurin, in da hali kuma ya dasa ko giginya ɗaya ce a bakin gonarsu. An ce inuwar giginya na nesa ka sha sanyi, to, jikokinmu su ne na nesan. Allah ya ba ƙasarmu zaman lafiya, amin.